Kafin ka danna Boost: yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai gane ko tallan kuɗi a Facebook da Instagram zai biya shi

Duk mai shafin kasuwanci a Facebook ko Instagram ya san shuɗin maɓallin nan da ke ƙarƙashin hoto, wanda aka rubuta Boost a kansa. Ka ɗora hoton atamfa ko takalmi, mutum goma sha biyu suka gani, rabinsu 'yan gidanku ne, sai ga sanarwa daga kamfanin wai da 'yan kuɗi kaɗan dubbai za su gani. Ba ƙarya suka yi ba, dubban za su gani. Saye ne ba su yi maka alkawarinsa ba.

A ganina tallan kuɗi yana biya, amma ba ga kowane kaya ba, kuma ba a hannun kowa ba. Da yawa daga masu kukan "na zuba kuɗi ban ga komai ba" tun kafin su biya asarar ta riga ta tabbata, don ribar kayansu ba ta kai ta ɗauki nauyin talla ba, ko kuma babu mai amsa waya idan masu saye sun zo. Duka biyun ana iya gane su da biro da takarda kafin a kashe ko sisi.

Da farko ka san cewa Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, ba shi da tsayayyen farashin talla. Gwanjo ake yi. Duk lokacin da wani ya buɗe wayarsa yana jan allo, na'urar kamfanin tana zaɓar tallan da za ta nuna masa daga cikin masu neman irinsa, tana duba kuɗin da kowa ya sa, da yiwuwar mutumin ya kula tallan, da kyawun tallan kansa. Shi ya sa abin da maƙwabcinka ya biya bara ba shi za ka biya bana ba, kuma shi ya sa talla mai kyau kan fi mummuna araha.

Mataki na farko: fitar da ribar kaya guda

Nan ne gaba ɗaya maganar take, don haka mu zauna a kansa.

Ɗauki kaya ɗaya, wanda ka fi sayarwa. Rubuta farashin da kake sallamawa, ba wanda kake fara faɗa kafin a taya ba. Cire kuɗin sari ko na haɗi, cire leda da kwali da kwalba, cire kuɗin mai babur ko mai adaidaita da zai kai tasha idan kai ne mai biya. Abin da ya rage shi ne ribarka, kuma daga cikinta kaɗai talla zai ci. Idan ya wuce ta, uwar kuɗi ya fara taɓawa.

Ga misali, kuma lambobin nan na kwatance ne, kowa ya sa nasa. A ce Hajiya tana haɗa turaren wuta, kwalba ₦8,000, kuɗin kayan haɗi da kwalba da leda ₦5,000. Riba ₦3,000. Ta sa talla na ₦3,000 kullum har kwana 7, ₦21,000 ke nan. Tun 1 ga Janairun 2022 Meta ke ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan masu talla a Najeriya, don haka abin da zai fita daga hannunta ₦22,575 ne. Raba wannan da ribar kwalba ɗaya: sai ta sayar da kwalba 8 ta dalilin tallan kafin ta mayar da kuɗinta. Idan mutum 90 suka turo saƙo, 6 suka saya, ta tashi da ribar ₦18,000, wato ta faɗi da ₦4,575, duk da cewa wayarta ta wuni tana ƙara kamar ana biki. Idan 9 suka saya, ta ci ₦4,425. Tsakanin waccan asarar da wannan ribar mutum uku ne kacal.

Yanzu ɗora wannan ₦22,575 ɗin a kan wasu kayan. Mai sayar da leshi ko shadda da ke samun ₦15,000 a kowane ciniki, mutum biyu sun fitar da shi. Mai zoɓo da kunun aya da ke cin ₦100 a roba, sai ya sayar da roba 226, kuma duk a cikin unguwa, don zoɓo ba ya hawa motar Abuja. Wannan ba shi da abin yi da tallan kuɗi, sai dai idan kwangilar biki ko suna yake nema, inda oda ɗaya ke ɗaukar ɗaruruwan robobi.

Akwai abu guda da ke iya juya lissafin: dawowa. Turare yana ƙarewa, yaji yana ƙarewa, yaro yana girma ya fi ƙarfin takalminsa. Idan biyu daga cikin shidan nan na Hajiya suka zama kwastomomin duk wata, asarar makon farko ta zama jari. Amma mai sayar da gado da katifa ko mai girka sola, ya san wanda ya saya yau ba zai dawo ba sai bayan shekaru, don haka dole cinikin farko ya biya tallan.

A taƙaice, tallan kuɗi ya fi karɓar kayan da ke da riba mai kauri, ko ake sake saye, ko ake iya aikawa wani gari ba tare da sun lalace ba, kuma waɗanda kyawunsu ke fitowa a hoto: kayan sawa, mayafai, jakunkuna, kayan kicin, kayan ɗaki, ɗinki, kwalliyar amare, kilishi, koyar da sana'a. Bai cika karɓar mai kantin tireda ba, ko mai sayar da abin da kowa ke samu a bakin layinsu a farashi ɗaya. Ba wanda zai turo maka saƙo daga Gombe don sayen sukarin da ke shagon ƙofar gidansa. Shi kuwa babban dila a Kantin Kwari ko Singa da kwastomominsa ke zuwa da ƙafarsu daga Maraɗi da Damagaram shekara da shekaru, lambobin wayar da ke hannunsa sun fi masa kowane talla.

Rubuta adadin cinikin da kake buƙata don mayar da kuɗinka a saman takarda. Idan ka dube shi ka ji a ranka ba zai yiwu ba, tsaya nan, ka huta.

Mataki na biyu: gyara inda baƙi za su sauka

Talla ba ya sayar da kaya, mutum yake kawo maka. A ƙasar nan kuwa cinikin intanet a WhatsApp yake ƙarewa, kuma a nan kuɗin mutane da yawa ke zurarewa.

Sauke WhatsApp Business, kyauta ne, ka haɗa lambar da shafinka. Zuba kayanka a kundin kaya da ke cikinsa, kowanne da farashi. Rubuta saƙon maraba da gajerun amsoshin tambayoyin da ka san za a yi: nawa ne, kuna ina, kuna aikawa, nawa ne kuɗin aike, kwana nawa zai iso. Sannan ka tambayi kanka tsakani da Allah, wa zai riƙe wayar? Mutumin da ya danna tallanka da ƙarfe tara na dare yana kwance ne yana kallo, idan ka amsa masa gobe da azahar ya manta ma ya taɓa ganinka, ko ya saya a wajen wani. Idan aikin ofis kake yi ko makaranta, ba ka duba waya sai yamma, ka nemi ƙani ko yaron shago ya riƙe, ko ka jinkirta tallan zuwa lokacin hutu.

Shafin ma ya nuna akwai mutum a bayansa. Baƙon da ya ga talla yakan leƙa ya ga yaushe aka buɗe shafin, me aka ɗora, ina shagon yake. Mutane sun sha tura kuɗi a toshe su, don haka suna da hujjar tsoro. Adireshi bayyananne, bidiyon cikin shago, shaidar waɗanda suka karɓi kayansu da izininsu, da asusun banki mai sunan kasuwancin, duk suna rage wannan tsoron. Idan ka yi wa sunan kasuwancinka rajista a hukumar CAC, bankuna da irin su Moniepoint za su buɗe maka asusu da sunan. Mai saye yana samun natsuwa idan sunan da ya gani a shafi shi ne ya fito masa lokacin tiransifa. Kai ma ka kare kanka: kada kaya su bar hannunka sai ka ga kuɗin a cikin asusunka da idonka, hoton rasit ko saƙon alat ba hujja ba ne.

Ka kuma san hanyar aikenka tun yanzu, wace tasha, wane direba, nawa zuwa Kaduna, nawa zuwa Legas. Kada ka tallata a garin da ba ka san yadda kayanka za su isa ba.

Mataki na uku: leƙa abin da abokan sana'a ke yi

Meta na da rumbun talla mai suna Ad Library, a buɗe yake ga kowa. Zaɓi Najeriya, rubuta sunan kayanka ko sunan wani shafi, za ka ga tallan da suke yi yanzu da ranar da suka fara. Wanda ya yi watanni yana gudana, da alama yana biyan mai shi. Duba yadda suka fara bidiyon da abin da suka faɗa, ba don ka kwafa ba.

Mataki na huɗu: haɗa tallan

Fara da abin da ya riga ya yi kasuwa a kyauta. Idan akwai hoton da ka sa a sitatus aka yi ta tambaya, shi ne ɗan takararka. Kuɗi ba ya raya hoton da ko 'yan'uwanka ba su tsaya a kansa ba.

Gajeren bidiyo da aka ɗauka da waya a hasken rana, a tsaye yadda zai cika allo, yakan fi hoton da aka cika wa ado da rubutu. Gani ya kori ji: a warware turmin a ga zanen, a buɗe jakar a ga cikinta, a kunna injin a ji ƙararsa. Kayan su bayyana a daƙiƙun farko, don babu mai jiran doguwar sallama da kiɗa. Kada ya yi tsawo, data ta yi tsada, musamman tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Ka sa rubutu a kan bidiyon saboda masu kallo ba sauti.

Idan Hausawa kake nema, yi magana da Hausa, irin wadda kake yi a shago. Kuma ka faɗi farashi. Na san al'adar "zo inbos" ta zama ruwan dare, masu yi suna ganin dabara ce ta jawo mutum kusa. A tallan kuɗi kuwa kai ke biyan kuɗin kowane "nawa ne", har da na wanda ko kwatan kuɗin ba shi da shi. Farashi a fili yana tace maka mutane tun daga waje. Saƙonni za su ragu, amma waɗanda suka zo sun zo da niyya.

Akwai kayan da ƙa'idar Meta ba ta yarda da tallansu ba ko ta ƙuntata shi: kayan mata da magungunan ƙarfin maza da ake tallatawa don jin daɗin kwanciya, mayukan bilicin masu sauya launin fata, alkawarin warkar da cuta, taba, makamai. Wanda ya nace ana iya rufe masa asusun talla gaba ɗaya, kuma dawo da shi wahala ne. A gida ma akwai doka. Tallan magani, har na gargajiya, da kayan shafe-shafe da abincin da aka sarrafa yana ƙarƙashin NAFDAC, sannan dokar 2022 da ta kafa ARCON, hukumar kula da harkar talla, ta ba ta ikon tantance tallace-tallace, har da na intanet. Mai irin waɗannan kayan ya nemi izini kafin ya fito.

Mataki na biyar: saitin da ke cin kuɗi ko ya tsare su

Abu mafi muhimmanci a nan shi ne manufa. Na'urar tana ba ka abin da ka nema ne daidai. Ka ce kana son a so hotonka, za ta nemo maka gwanayen danna alamar so, waɗanda ba su taɓa sayen komai ba. Ka ce kana son saƙo a WhatsApp, za ta nemo masu tura saƙo. Ƙaramin ɗan kasuwar da ba shi da shafin intanet na sayarwa, saƙo zai zaɓa. Ana iya yin haka ta maɓallin Boost, amma Ads Manager, shafin Meta na tsara talla, ya fi ba ka iko a kan wuri da kuɗi da gwada talla biyu tare, kuma koyonsa bai fi zaman yamma ɗaya ba.

Sai wuri. Kada ka zaɓi Najeriya baki ɗaya don kawai adadin mutanen da aka nuna maka ya yi yawa. Mai gidan abinci ko wanki da guga ko gyaran waya ya sa alama a kan shagonsa a taswira ya zana da'irar 'yan kilomitoci. Mai aikawa ya zaɓi garuruwa biyu ko uku da ya san hanyarsu. Shekaru da jinsi ka sa su daidai da masu sayenka na gaske, amma ka tuna mai sawa daban, mai biya daban: kayan lefe mata ke sawa, sau da yawa maza ke biya. Wajen harshe kuma ka bar shi a buɗe. Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa tun 2016, amma Hausawa da yawa da Turanci wayoyinsu ke aiki, idan ka taƙaita za ka rasa su. Hausar da ke cikin tallan ta isa ta zaɓo mutanenta.

Wajen biya, buɗe asusun tallan da naira, ka riƙa zuba kuɗi tun gaba, gwargwadon abin da ka ware. Hakan ya fi ka bar kati a maƙale ana ja, kuma ya raba ka da hawa da saukar dala. Masu iPhone su kula: tun 2024, idan ka biya kuɗin Boost daga cikin manhajar Facebook ko Instagram ta iPhone, Apple na karɓar kashi 30 cikin 100. Shiga ta burauza ko kwamfuta ka biya, wannan cajin ba zai hau kanka ba.

Nawa za ka sa? Abin da idan ya tafi ba zai hana ka sari na gaba ba. Raba shi kwana 7, ka sa ranar tsayawa. Idan da hali, saki bidiyo biyu daban a kan mutane iri ɗaya, ka ga wanda ya fi.

Mataki na shida: cire hannu, ɗauki littafi

Kwanakin farko na'urar tana lalube ne, tana gwada mutane iri-iri. Meta da kansa ya ce takan buƙaci sakamakon da ka nema, kamar saƙo, wajen 50 a mako kafin ta daidaita, kuma duk babban gyaran da ka yi, ko sauya hoto ko wuri ko kuɗi, yana mayar da ita farko. Wanda ke shiga yana taɓa saiti safe da yamma shi ke hana tallansa tsayuwa. Ba shi kwana uku ko huɗu, sai dai in ka ga kuskure a farashi ko lamba.

Aikinka a wannan makon amsa saƙo ne da rubutu. Ja layi huɗu a littafi: kwanan wata, kuɗin da aka ci, saƙonnin da suka shigo, cinikin da aka biya da ribarsa. Duk wanda ya kira ko ya zo shago, tambaye shi a ina ya gan ka, don wani zai ga tallan ranar Litinin ya zo da ƙafarsa ranar Asabar. Waɗanda suka tambaya suka yi shiru, tuntuɓe su sau ɗaya bayan kwana biyu, cikin ladabi. Wasu albashi suke jira, wasu izinin maigida.

Adadin waɗanda suka gani da waɗanda suka so, kada su ɗauke maka hankali. Ba a sari da su.

Mataki na bakwai: yanke hukunci

Bayan mako, ƙara 'yan kwanaki don masu jinkiri, sannan ka raba kuɗin da ka kashe da adadin waɗanda suka biya. Wannan shi ne kuɗin da ka sayi kowane kwastoma. Gwada shi da ribar da ka rubuta tun farko.

Idan an gani da yawa amma saƙo kaɗan, matsalar tana bidiyon ko farashin ko mutanen da ka zaɓa. Sauya abu ɗaya, ba duka ba, ka sake gwadawa. Idan saƙo ya yi yawa amma babu biya, kada ka zagi Facebook, koma ka karanta hirarrakin. A ina suke tsayawa? Idan a kuɗin aike ne, rage nisan garuruwan ko ka haɗa kaya biyu a farashi ɗaya don aiken ya yi ma'ana. Idan a wajen tura kuɗi ne, amana ce ba ta samu ba. Idan kuwa awa biyar ke tsakanin tambaya da amsarka, ka ga ɓarawon. Gwaji biyu ko uku da gyara a tsakaninsu, lissafi bai fita ba, dakata. Kayanka ba na wannan hanyar ba ne a yanzu.

Idan ya biya, ƙara kuɗin a hankali, kamar kashi ɗaya cikin biyar duk bayan 'yan kwanaki, kana duba littafi. Ninka kuɗi ba ya ninka ciniki, kuma mutanen gari ɗaya suna gajiya da ganin bidiyo ɗaya, don haka ka tanadi sabo. Kada kuma ka tallata abin da ya kusa ƙarewa a shago.

Duk wanda ya saya, ajiye lambarsa, ka roƙe shi ya ajiye taka, don sai da haka zai ga sitatus ɗinka ko ya samu saƙon da ka tura wa jama'a a dunƙule. Sau ɗaya ka biya kuɗin samunsa, daga nan kyauta ne. Ka kuma kwafe lambobin a takarda, don shafi ko layi na iya yankewa kowane lokaci. An rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, an katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, kuma kullum ana sace shafuka.

Maganar sata ta kawo mu ga masu cewa su ƙwararrun talla ne. Akwai na gaske, amma kada ka ba kowa lambar sirrinka. Meta Business Suite, manhajar Meta ta kula da shafukan kasuwanci, na ba ka damar ba mutum izinin gudanar da talla kawai, ka cire shi ranar da ka ga dama. Kuɗin tallan su fita daga asusunka kana gani, ladan aikinsa daban. Kunna tsaron mataki biyu, wato a riƙa neman wata lamba ta daban bayan lambar sirri kafin a shiga asusunka. Saƙon da zai zo maka a inbos wai daga Meta, za a rufe shafinka cikin awa 24 in ba ka danna nan ba, tarko ne, kuma masu talla aka fi turo wa.

Biyan fitaccen ɗan TikTok ko jarumar Kannywood su tallata maka, shi ma da wannan littafin za ka auna shi. Yawan mabiya ba ya nuna inda suke zaune ko abin da ke aljihunsu. Nemi ya nuna maka garuruwan masu kallonsa, ku rubuta ranar ɗorawa da tsawon kwanakin da bidiyon zai zauna, ka ba shi wata lamba daban ko wata kalmar ragi don ka san cinikin da ya zo ta hannunsa. Idan kuma dattawa ko mutanen karkara kake nema, kamar mai taki da iri ko maganin dabbobi, je ka tambayi farashin sanarwa a gidan rediyon jiharku kafin ka ba Meta kuɗinka.

Lokaci ma yana da nasa lissafin. Gab da Sallah kowa na talla, gwanjon ya yi zafi, teloli sun daina karɓar ɗinki, motoci sun cika. Ba a fafe gora ranar tafiya: mai yadi da mayafi ya yi gwajinsa tun watan Sha'aban, ya saki kuɗinsa a farkon azumi. Mai takalmi da hula da kayan yara na kanti yana da sarari har goman ƙarshe, amma ya rufe tallan garuruwan nesa kwana huɗu ko biyar kafin Sallah, ya bar na cikin gari kawai, inda mai babur zai iya kaiwa ko a daren jajibiri.